A-kori-kurar da Ke Cin Fambel

In kaka ta yi a Zabarmari, ba a barin mota ta kwana da ciwo. Shinkafa ta nuna a fadamar Jere, ana yanka ana bugu, mata na turara shanshera a manyan tukwane, buhuna kuma na jiran wanda zai kai su kasuwannin Maiduguri. Tafiyar ba ta da nisa, amma babu direban da ke son motarsa ta mace masa a hanyar gona rana na shirin faɗuwa. Mutanen garin ba su manta da ranar 28 ga Nuwamba, 2020 ba, lokacin da aka yi wa masu girbin shinkafa yankan rago a Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari. Tun daga nan lafiyar mota ta wuce zancen kuɗi kawai.

Motar kawuna Fijo 504 ce, a-kori-kura, haɗin Kaduna. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Shi ya sa babu garejin da ba a san cikinta ba. Injinta silinda huɗu ne, kwance a karkace, babu kwamfuta babu wayoyi barkatai. Irin wannan mota ba a saba ta ɓoye ciwonta ba. Amma a ƙarshen 2024 ta Kawu ta ɗauko wata ɗabi'a: a yi mata lodi, a kama hanya, kafin a shiga gari ta yi zafi, fambel ya tsinke, ruwa ya yi ta tafasa a lagireto. Kuma a cikin hunturu ne, lokacin da mutane ke fitowa da rigar sanyi da safe, balle a ce zafin Afrilu ne ya yi mata yawa.

Hukuncin farko kowa ya yarda da shi: bel ɗin jabu ne. Magana ce mai kama hankali, domin jabun kaya sun cika kasuwa, kuma kowa ya san in fambel ya tsinke, fanka da famfon ruwa sun tsaya, dole inji ya tafasa. Aka nemo mai tsada aka ɗaura. Ya tsinke. Wani yaron gareji ya ce sakwa-sakwa aka bar shi, ya sa ƙarfe ya banƙare shi har ya yi tsam. Wannan ma bai kai na baya daɗewa ba. Aka koma kan lagireto, aka tarar ƙaiƙayi da busasshiyar laka sun toshe ramukansa ta waje, aka wanke tas, aka sauya murfinsa da robarsa ta mutu. Allurar awon zafi ta ɗan sauka, Kawu ya yi hamdala, sai ga ciwo ya dawo. Daga nan aka fara zancen da mai mota ba ya son ji: gasket ya ƙone, sai an ɗaga tof. Kawu ya ce ba wanda zai kwance masa kan inji sai wani dattijon bakanike da ya sani tun suna samari ya gani da idonsa. Ni da ɗan Kawu, wanda shi ne direban, muka lallaɓa da motar muka kai masa.

Dattijon bai buɗe bonet ba tukuna. Ya dubi direban ya ce, "Ɗana, wanne ke riga wani? Bel ke tsinkewa sannan allura ta hau, ko allura ke hawa sannan bel ya tsinke?"

Yaron ya yi jim. "Wallahi Baba, allura ce ke fara hawa. Ina kallonta tana tafiya a hankali. Daga baya sai in ji ƙauri, sai in ji fat."

"To, ka ga ba tsinkewar bel ke kawo zafin ba. Ina waɗanda suka tsinke?"

Allah Ya taimaka suna nan a bayan kujera, an ajiye su don ɗaure kaya. Baba ya jera su a kan benci. Abin da ya nuna mana a nan ya fi duk abin da aka faɗa a makonnin baya amfani. Fambel ba da gindinsa yake kama fuli ba, da gefunansa biyu yake kamawa, shi ya sa aka yanka shi da faɗi a sama da tsini a ƙasa. Bel ɗin da tsufa ya kashe tsattsagewa yake yi ta ciki, gefunan biyu kuma su cinye daidai wa daida. Waɗannan kuwa ko tsaga ɗaya babu. Gefe guda ya cinye har zare ya fito, ɗaya gefen yana ƙyalli sumul, alamar ya yi ta zamewa yana ƙuna. Dukkansu ta gefe ɗaya suka ciwu, mai arha da mai tsada. Da ya buɗe bonet ya shafa gaban injin, sai yatsansa ya fito da baƙin gari mai laushi. Ya ce garin roba ne. Akwai abin da ke goge bel ɗin tun daga ranar da aka ɗaura shi.

Duk da haka bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya fara da zargin da ya fi tsada, don a kawar da shi. Ya zaro ma'aunin baƙin mai: baƙi ne wuluk, babu farin kumfan da ke nuna ruwa ya shiga mai. Ya kwance fulogi huɗun ya jera, launinsu ɗaya, babu wanda ya fita fes kamar an wanke shi, wanda da haka za a gane ruwa na sauka a silinda. Salansa ba ta farin hayaƙi. Ya leƙa fanka. Faransawa sun ƙera ta ne ta riƙa kamawa da lantarki in ruwa ya kai wani zafi, amma wannan an daɗe da ɗaure ta dindindin, yadda kanikawanmu suka saba yi, tana juyawa muddin inji na aiki. Ya saurari taimin, bai ga laifinsa ba.

Sai da inji ya huce sarai ya cire murfin lagireto, ya cika ruwa, ya ce a tayar a bar murfin a buɗe. Ya gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya buɗe murfi mota na da zafi, ya nuna tabon da ke bayan hannunsa. Muka sunkuya muna kallon bakin lagireto. Babu kumfan iska da ke tasowa, wannan ya ƙara wanke gasket. Motar ba ta da tamostat, an cire shi tun zamanin da, don haka da an taka totur ya kamata ruwa ya yunƙuro da ƙarfi. Da farko ya yunƙuro, ba laifi. Aka bar ta a silo har ta ɗau zafi, aka sake takawa. Ruwan ya ɗan motsa kawai, ya kwanta. Aka kashe injin, Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikin lagireto, sama da tsakiya da ƙasa, ya ce in taɓa. Ɗumi ne kawai. Kan injin kuwa ba ya taɓuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. In inji na ƙuna lagireto na hutawa, ruwan ba ya zagayawa ke nan. Ba sanyayawa ce ta gaza ba, kai ruwan wurin sanyayawa ne ya gaza. Duk wankin da aka yi wa lagireto gyaran abin da bai lalace sosai ba ne.

Ya sassauta bel ya cire. Ya bi duk fulin da bel ke hawa yana murzawa da hannu yana kasa kunne. Da ya zo kan na famfon ruwa, wanda kanikawa ke kira wata-fam, sai muka ji gurr-gurr can ƙasa-ƙasa. Ya kama fiffiken fanka biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ja wannan ya tura wancan. Ta yi ƙwas-ƙwas. Kaɗan ne, in bel na ɗaure ba za ka taɓa ji ba, domin bel ɗin ya janye ta gefe guda ya riƙe. Ya miƙa wani miƙaƙƙen ƙarfe daga fuskar fulin ƙasa zuwa na sama, sai ga rata ta fito: in an ja fulin saman yadda bel ke jansa, sunkuyawa yake yi. Abin da ke cin gefen bel ɗin ke nan. Ya haska tocila ƙarƙashin famfon, inda wata 'yar huda take, muka ga busasshen sawu fari da ja ya gangaro daga cikinta. Hudar an yi ta ne don ta tona asirin sil in ya fara yoyo, amma zafin inji na busar da ɗigon kafin ya kai ƙasa, shi ya sa ba a taɓa ganin jiƙa a inda motar ke kwana ba.

Boris ɗin famfon ya mutu. Sai dai Kawu, wanda ya iso a lokacin, bai gamsu ba. "Malam, wannan famfon bai daɗe ba. Wanda ya zo da motar ya yi shekaru ban san adadinsu ba. Yaya wannan zai mutu yanzu?"

Baba ya zagaya ya buɗe ƙofar direba, ya ɗaga robar gefen gilashi da farce. Busasshiyar laka ta zubo. "Alhaji, ina motar nan ta kwana daren ruwa?"

A Maiduguri ba a tambayar wane dare. Daren wayewar 10 ga Satumba, 2024 ne, da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shanye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday da unguwanni da dama. Motar tana wajen Gamboru a ajiye, ruwa ya kai mata har gilashi, ta kwana biyu a ciki kafin a jawo ta. An yi mata abin da kowa ya yi wa tasa: aka juye baƙin mai da man giya, aka wanke tanki da kafireto, aka busar da distiributa. Ta tashi, aka yi murna. Boris ɗin famfo kuwa a rufe yake da giris ɗinsa tun daga masana'anta, ba a buɗe shi ba a ƙara masa, don haka bai zo a ran kowa ba. Ruwan laka ya shiga ta 'yar hudar nan ta ƙarƙashin famfon, ya zauna a ciki, tsatsa ta fara aikinta a hankali.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ta fi ɗaure mini kai: me ya sa ruwa ke zagayawa da sanyi, ya ƙi da zafi? Da aka kwance famfon amsar ta fito fili. Farfelar da ke tura ruwa a bakin sandar famfo aka matse ta, babu noti. Da sandar ta fara rawa, farfelar ta riƙa gogar bango, ga sawun nan a zagaye yana sheƙi, haƙoranta kuma da ma ruwan rijiya zalla ya zaizaye su. Gogar ta sassauta ta. Baba ya riƙe fuli da hannun hagu, ya murɗa farfela da na dama, da ɗan ƙarfi kaɗan ta juya ita kaɗai. Da sanyi da ƙaramin gudu tana ɗan kamawa. In ƙarfe ya ɗau zafi, gudu ya ƙaru, sai ta saki. Kamar maburgin da kansa ya kwance ne: sanda na ta juyawa a tafin hannu, miya ba ta kaɗuwa. Da ya fasa boris ɗin da guduma, abin da ya fito ba giris ba ne, jan taɓo ne.

Ciwo ɗaya ne ashe ya fito ta kafa biyu. Kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne matse bel ɗin da aka yi ta yi. Duk ƙarin matsi ƙarin nauyi ne a kan boris mai ciwo, fuli ya ƙara sunkuyawa, bel ya ƙara ciwuwa. Da an ɗaga tof kamar yadda aka so, da an kashe kuɗin gasket da na ƙwadago, an mayar da famfon nan yadda yake.

Aka sa sabon famfo. Baba ya sa yaransa suka goge ramin kowane fuli da samfefa, domin tsatsar ambaliya ta mayar da su masu kaushi, da an bar su da sun ci sabon bel ɗin su ma. Ya ɗaura bel, ya danna tsakiyarsa da babban yatsa har ya lotsa kamar santimita ɗaya, ya ce iyakarsa ke nan, a dawo da ita bayan 'yan lodi ya sake dubawa, saboda sabon bel na miƙewa. Ya sa aka ɗauraye cikin injin, aka zuba ruwa mai maganin tsatsa. A kan tamostat ne kawai suka saɓa. Baba ya ce a mayar da shi, domin injin da ba ya ɗaukar zafinsa da wuri a safiyar hunturu ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, kuma ina ganin gaskiyarsa. Kawu ya ce shekara da shekaru tana tafiya babu shi, ba zai sa abin da zai iya maƙalewa a hanyar gona ba. Aka bar ta babu. Ta ƙarasa kwasar ɗan abin da ambaliya ta rage na shinkafar shekarar, ta shiga zafin bazara da bel ɗin da aka ɗaura mata ran nan.