Mu taimaki yara su san halitta, su kuma kula da ita

Yara ƙanana suna da yawan tambaya. Me ya sa kwaɗi suke kuka da dare? Ina shamuwa take tafiya da rani? Idan babba ya dawo daga gona a gajiye, abu mai sauƙi ne ya ce, "Yi mini shiru!" Amma yaron da ake hana shi tambaya yakan daina lura. Wanda kuma bai san amfanin itace ko tsuntsu ba, ba zai damu ba ranar da suka ɓace. Bisa ga Farawa 2:15, Allah ya ba mutum aikin noma gonar Aidan da kiyaye ta. Yaranmu ne za su gaji wannan aiki, tare da gonakin da za mu bar musu.

Abin da za mu nuna musu

Ba ma bukatar kuɗi ko littafi. Darasin yana ƙofar gida.

• Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabon ganye da rani. Shi ya sa ba ya tare wa gero rana. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

• Furen kuka yana buɗewa da yamma. Jemagu suna zuwa shan zaƙinsa da dare, suna kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, ta haka kuka take yin 'ya'ya. Suna yi wa ɗorawa wannan aiki, ita da take ba mu kalwar daddawa.

• Mutane da yawa suna tsoron mujiya, alhali ɓerayen da suke ɓarna a rumbu ne abincinta.

• Shamuwa tana zuwa mana da farkon damina, ta yi sheƙa, ta ci fara. Idan ruwa ya ɗauke sai ta koma gabashi da kudancin Afirka.

• Ungulu tana share mana mushe. A shekarar 2015, ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da aka saba gani a mahauta cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa.

Amfanin lura

A shekarar 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, ya tsaya ya duba ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona. Ya gane toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu take da rai. Manoma suka fara barin tsiro kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran. Wannan shi ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Duk wannan ya fara ne daga duban abin da kowa yake wucewa. Irin wannan ido muke so yaranmu su samu.

Abin da za mu iya yi

• A ba yaro gwangwani mai huda a gindi, da ƙasa, da ƙwayar wake. Ya riƙa ba shi ruwa, yana gaya mana abin da ya gani kowace safiya.

• Kowane yaro ya dasa zogale ko mangwaro da damina. Ya yi masa shinge da ƙaya saboda awaki.

• Malaman makarantar Lahadi su fitar da yara wani lokaci. Su tattaro ganye iri-iri, su faɗi sunan kowanne.

• A gayyaci tsofaffi su faɗi itatuwa da namun dajin da suka sani a da, waɗanda babu su yanzu.

• Idan ba mu san amsa ba, mu ce, "Zo mu duba tare."

• Idan yaro ya harbi tsuntsu da danƙo don wasa, mu bayyana masa aikin tsuntsun kafin faɗa.

Mu kuma koya musu tsaro. Kada su sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama. Kada su ci 'ya'yan itacen da ba su sani ba. Su wanke hannu da sabulu ko toka bayan wasa da ƙasa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yara kuwa abin da suka ga muna yi suke koya. Idan muna cinna wa daji wuta don kama gafiya, magana kaɗai ba za ta isa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Waɗanne itatuwa da tsuntsaye ne suka ragu a ƙauyenmu? Me ya jawo haka?

• Yaya muke amsa tambayoyin yara a gida?

• Ina ne ikilisiyarmu za ta ware wa yara wurin dasa itatuwa a daminar bana, wa kuma zai lura da su da rani?