Mai Noma Da Mai Saye: Wane Gida Ke Cin Cimaka Mai Kyau A Gidigir?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Gure, ya ya da zango a Gidigir ranar kasuwa, zai rantse ba a san yunwa a wannan yanki ba. Ga dabino da rogo daga kwaruruka, ga kanwa, ga goruba, ga hatsi da wake, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga kuma kara cike da bisashe. To sai dai abin tambaya, jama'a masu karatu, shi ne: idan kasuwa ta watse, gidan wa wannan cimaka take shiga?

A Faransa da sauran ƙasashen Turai amsar ba ta da wuya. Abincin da aka noma ba da takin zamani ko feshin maganin ƙwari ba yana da tambarinsa da tsadarsa, kuma galibi masu albashi mai kauri da zurfin karatu ne ke sayensa. A wajenmu lamarin ya sha bamban, domin irin wannan abinci shi ne talaka ke nomawa da hannunsa: hatsin tudu da ya sha takin dabbobi, wake, yakuwa, kuka da zogale. Amma noma shi daban, cinsa daban.

Mu fara da gidan manomin tudu. Da kaka ta yi, bashin da ya ci da damina na jiransa, ga tufafin yara, ga biki. Sai ya kai wake da hatsi kasuwa a lokacin da tiya ta fi araha. Wake kuwa, wanda shi ne naman talaka, shi ke fara fita daga gida saboda ya fi kuɗi. Idan bazara ta kama rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma sayen hatsin da ya sayar da tsada, miya ta koma kuka da gishiri da dunƙulen magi.

Mai garka a kwari ya fi shi dama-dama, don ko da rani ba a rasa ɗanyen ganye a gidansa. Sai dai shi ma mai kyan yake kai wa kasuwa, ya bar wa iyali wanda ya ƙi sayuwa. Bugu da ƙari, wasu masu garka na feshi da magungunan da ake tallarsu barkatai ba tare da an san ingancinsu ba, su tsinke kaya kafin kwanakin jira su cika. Ke nan ba kowane ganye mai sheƙi ne lafiyayye ba. Ga kuma tulin rairayi da ke cinye kwarurukan Gure da Maine-Sorowa, abin da ya sa aka yi shekaru ana kafa shingaye da dasa itatuwa don tsai da shi. Kwarin da rairayi ya binne, ba dabino ba rogo.

Makiyayi yana da nono, wanda babu kamarsa wajen gina jikin yaro, amma cikinsa na hannun farashi. Shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci, akuya ta faɗi hatsi ya hau, kamar yadda aka gani a yunwar 2005, sai ya sayar da bisa biyu ya sayi abin da ɗaya ke saya a da.

To ma'aikaci mai albashi da ɗan kasuwa fa? Su ne ke iya sayen nama da ƙwai da kayan marmari a kowane wata. Amma a gidajensu ne kuma shinkafar waje da taliya da mai da sukari da lemun kwalba suka fi samun gindin zama, har ana ganin tuwon hatsi da dambun zogale abincin ƙauye ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar aƙalla giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itace a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Gida nawa ne na masu hali ke cika wannan sharaɗi? Hawan jini da ciwon sukari sun san ƙofar gidan mai kuɗi, kamar yadda tamowa ta san ta talaka. Binciken ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 na fama da tsumburewa, jihar Damagaram kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani.

A ganina, gidan da ya fi dacewa shi ne wanda uwargida ke da ɗan abin hannunta kuma ake jin maganarta. Mace mai akuya biyu da kaji da zubin asusu, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ita ce ke tsaga wake a kunun yaro, ta shanya zogale da yakuwa tun suna araha, ta bar ƙwai ɗaya a gida maimakon ta kai duka kasuwa.

Abin da muke rainawa ma wasu sun gano darajarsa. A birnin Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa hanza da aduwa da magarya da goruba yana sayarwa, alhali da can hanza sai da yunwa ake tunawa da ita. A 2018 kuma an fitar da irin hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a Nijar.

Saboda haka kira na ga magabata da ƙungiyoyin manoma shi ne a ƙarfafa bankunan cimaka da tsarin jinginar amfanin gona, ta yadda manomi zai karɓi bashi da kaka ba tare da ya karyar da wakensa ba. Magidanta kuma, kafin a ɗora buhu a kan amalanke, a fara auna na yara. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.