Magina, a Kula: Kuɗin Aikin Gini Yana da Wa'adi a Kotu

Jama'a, a Nima da Mamobi ba wuya ka tarar da birkila ko kafinta wanda ya ɗora bulo, ya buga kwano, mai gida ya tare, amma cikon kuɗinsa har yau sai "ka dawo gobe". Da yawa suna haƙuri saboda kunya ko zumunci, suna cewa bashi ba ya ruɓewa. To, a gaban alƙali yana ruɓewa.

Dokar ƙayyade lokacin kai ƙara ta Gana, wadda aka kafa a 1972, ta ba mai bin bashin kwangila shekara 6 ya shigar da ƙara, ko da baki aka ƙulla cinikin ko a takarda. Lissafi yana farawa ne daga ranar da ya kamata a biya aka ƙi. Kwangilar da aka yi a takarda mai hatimi irin ta lauyoyi tana da shekara 12. Idan wa'adin ya wuce, wanda ake bi zai iya kafa hujja da shi, kotu ta kori ƙarar ko da shaidu sun cika ɗaki.

Abu biyu ke sabunta lissafin. Na ɗaya, mai gida ya rubuta cewa ana binsa kuɗin, ya sa hannu. Na biyu, ya biya wani abu daga ciki, komai ƙanƙantarsa. Daga wannan ranar shekara 6 ta soma sabuwa. Alkawarin baki kuwa, ko a gaban mai unguwa ko liman aka yi shi, ba ya sabunta komai. Saboda haka in an zauna sulhu, kada a tashi sai an rubuta adadin, da kwanan wata, da sa hannu. In ta MoMo aka biya, a adana saƙon.

Jinkiri yana da wata hasarar. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Sidin da ya sayi buhun siminti lokacin aikin ba zai saye shi ba ranar biya.

Wanda ba ya da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, wadda ke sasanta irin wannan rigima. Ɗan'uwa, ɗauko littafin aikinka yau, ka ƙirga shekarun. Allah ya ba kowa hakkinsa.