Yadda Manomi Zai Tabbatar Da Sanarwar Gwamnati Ta Wayar Hannu

Malam manomi, a da can in Hukuma tana da magana da kai, motar majigi ce take zuwa garinku. Mutanen Ma'aikatar Watsa Labarai su kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna yadda ake zuba taki ko feshin auduga, mai bayani yana magana ta lasifika. Ko kuwa dagaci ya sa a yi shela. Ka ga wanda ya kawo maganar da idonka, ka kuma san inda ya fito.

Yau ta waya magana take shigowa. Da safe a turo maka cewa gwamnati tana rabon taki, da yamma a ce ana ba da rancen noman rani, maza ka cika suna kafin a rufe. Wata gaskiya ce, wata tsohuwar magana ce aka tono, wata kuwa tarkon ɓarayi ne. Wannan 'yar takarda za ta nuna maka yadda za ka je inda gwamnati take ajiye maganarta ka duba, tun ba ka sayar da akuya ko ka ɓata iri ba.

Inda ake ajiye maganar

Bakin Gwamnatin Tarayya ita ce Ma'aikatar Watsa Labarai da Wayar da Kan Jama'a da ke Abuja. Wannan suna tun 2023 take amsa shi, kafin nan Watsa Labarai da Al'adu ake ce mata. Rediyon Tarayya na Kaduna da kake saurare, da Muryar Najeriya, da talabijin na NTA, duk a ƙarƙashinta suke. Tana da shafi a intanet. Ka ɗauke shi kamar allon da ake manna sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukumarku, sai dai shi wannan ba sai ka biya kuɗin mota ba.

Abin da ake bukata shi ne waya mai shiga intanet, da ɗan kuɗin data, da wanda ya iya karatun Turanci, don yawancin abin da ke ciki da Turanci aka rubuta. In kai ba ka yi boko ba, babu komai. Kira ɗanka ko ƙanenka ya riƙe wayar, amma ka zauna kusa da shi. Shi ya san waya, kai ka san gona, kuma kai ne za ka yi asara in an yi kuskure.

Fara da adireshi

A can saman wayar akwai ɗan fili inda ake rubuta adireshin shafi. A rubuta fmino.gov.ng a wurin, da hannu. Kada a danna abin da wani ya turo ta WhatsApp da sunan shi ne hanyar.

Lura da ƙarshen adireshin: gov.ng. An keɓe wannan ƙarshe don ofisoshin gwamnati, na Tarayya da na jihohi, ba kowa ke iya saye ba. A nan ya kamata ka tsaya ka natsu. Ka san yadda ake samun tsohon buhun kamfa, a cika shi da gauraye, a ɗinke baki, rubutun jikin buhu yana nan daram. Haka shafin ƙarya yake. Za ka ga tambarin ƙasa da dawakinsa biyu, ka ga kore da fari, har da hoton Minista. Waɗannan duka yaro ma yana iya kwafa cikin minti biyar. Adireshin ne ke ba su wuya. Saboda haka sukan cusa gov a farko ko a tsakiya don ido ya ruɗe, amma in aka bi haruffan har zuwa karkataccen layi na farko, sai a tarar da com ko xyz ko wani abu dabam ya ƙare. A sa yaron ya karanta maka shi da ƙarfi, harafi bayan harafi.

Wani shirin gwamnati yakan buɗe nasa shafi da wani ƙarshe dabam. In haka ne, shafin ma'aikatar da ke da shirin zai nuna hanyar zuwa can. In bai nuna ba, kada ka bi.

Bayan an shiga

A yawancin shafukan gwamnati, a waya za a ga gajerun layuka uku a wani lungu na sama, ɗaya bisa ɗaya. In an taɓa su sai jerin ɗakunan shafin ya buɗe. Ɗakin da ya shafe ka shi ne na labarai da sanarwa. Sauran, na tarihin ma'aikata da hotunan taro, a wuce su, data kawai suke ci. Akwai kuma alamar madubi mai mariƙi, wurin nema ke nan. A rubuta kalma ɗaya ta Turanci: fertilizer in taki ake nema, seed in iri ne, flood in ambaliya ce, ko kuwa sunan jiharku.

Wayoyi da yawa suna iya juya shafi zuwa Hausa. Yana taimakawa a gane inda magana ta dosa, amma Hausar inji ce. Kada ka auna maganin feshi da ita.

Duba kwanan wata

Da an sami sanarwa, tambayarka ta farko ita ce, yaushe aka rubuta? Shafi ba ya share tsohon labari, yana nan a ajiye shekara da shekaru. A 2012 an yi shirin da ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. An yi shi da gaske, amma ya wuce. Haka rancen da Babban Banki ya ƙaddamar wa manoman shinkafa a Kebbi a 2015, bankin ya dakatar da karɓar sababbin masu nema a ƙarshen 2023. Mai son cutarka yakan ɗauko irin waɗannan, ya yanke kwanan watan, ya turo kamar na jiya.

Daga nan ka tambaya, wace ma'aikata ce ta yi maganar, jiharku tana ciki, kuma wane ofis aka ce a je. Sau da yawa Ma'aikatar Watsa Labarai isar da saƙo kawai take yi, mai kayan ita ce Ma'aikatar Gona.

Ga wani abu da manoma da yawa suka ƙone a kansa. A ce a Abuja an saki tireloli na taki, wannan ba ya nufin taki ya iso garinku. Sai ya bi ta jiha, ya bi ta ƙaramar hukuma, wani lokaci sai hatsi ya yi bununi. Masara kuwa ba ta jiran tirela. Tana son kamfa cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma a mako na biyar zuwa na shida. In lokacin ya zo babu labari, nemi abin da ƙarfinka ya kai a wurin dillali amintacce, ka haɗa da takin gida. Na gwamnati in ya zo daga baya, a ajiye shi a busasshen wuri bisa katako don noman rani.

Maganar ruwa

A ganinmu, abin da ya fi rabon taki amfani gare ka shi ne hasashen damina. Hukumar Kula da Yanayi, wato NiMet, takan fitar da shi kowace shekara cikin Janairu ko Fabrairu, ta sa a shafinta, nimet.gov.ng. A ciki ana faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta kankama a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarta, da inda ake tsoron ruwa zai yi dogon tsaiko bayan shuka. Takarda ce mai nauyi, gara mutum ɗaya ya sauko da ita ya tura wa saura.

Ka san ruwan farko yakan yi yaudara. A yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita da sungumi, sannan sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, a koma sayen iri da tsada. In hasashe ya nuna daminar yankinku sai tsakiyar Yuni, ruwa kuma ya sauka farkon Mayu, kada ka zuba irinka duka. In kuma ya nuna damina gajeriya ce, nemi iri mai saurin nuna. Hasashe ne dai, Allah ne masani, amma bisa awon shekaru masu yawa aka gina shi. Kai mai gona a fadama ko bakin kogi, ka sa a duba maka hasashen ambaliya da hukumar NIHSA take fitarwa kafin damina. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600, gonakin da ta shanye kuwa ba a magana.

Takardun koyar da noma irin wannan da ke hannunka, ana samunsu a shafin cibiyar NAERLS ta Samaru, Zariya, naerls.gov.ng.

Abin da ba a bayarwa

Lambar BVN da ta NIN kowace tana da alƙaluma 11. In rajistar gaskiya ce ana iya neman NIN, amma ka bari sai malamin gona ya tabbatar maka da rajistar. Lambar sirri ta katin banki kuwa, da 'yar lambar da banki yake turowa a waya, babu ofishin gwamnatin da ke tambayarsu. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne. Haka shafin da ya ce sai ka tura wa mutum goma kafin a ba ka tallafi, ko sai ka fara aika kuɗin fom zuwa asusun wani mutum. A rufe shi. In an riga an ba da lambar, je bankinka ran nan a toshe katin, kada ka bari sai ranar kasuwa.

In a ƙauyenku waya ba ta kamawa sosai, ƙungiyarku ta zaɓi yaro ɗaya mai hankali ya riƙa dubawa duk ranar kasuwa, ya rubuta sanarwar da kwanan watanta a littafi, a karanta a majalisa. Abin da ya shige muku duhu, ku kai wa malamin gona na yankinku, ko jami'in wayar da kan jama'a da ke sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku tafi da littafin.