Masu Yawo Da Ɗakinsu A Mota: Daga Hamada Zuwa Kafanchan

A shekarun 1970 da farkon na 1980, da zarar hunturu ya kama, akan ga waɗansu motoci masu baƙuwar lamba suna shigowa Kano daga arewa, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an jibga musu jarkokin fetur da na ruwa da tayoyi a bisa. A cikin kowace akwai gado, da risho, da 'yar ma'ajiyar abinci. Masu su Turawa ne 'yan yawon buɗe ido, yawanci daga Jamus da Faransa da Ingila, waɗanda suka mai da mota ɗakin kwana don kada su biya kuɗin masauki. Da yawa daga cikinsu sun baro gida da nufin hutu, amma sai hutun ya ƙare a gindin bishiya, gaban makaniki.

Hanyarsu sananniya ce. Sukan ƙetare teku da jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasat, inda kwalta ta isa a 1978. Daga nan zuwa In Gezzam, bakin iyakar Nijar, tafiyar kimanin kilomita 400 ce cikin rairayi da tsakuwa. Sai Asamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, kana Kano.

A wannan tsakani ne mota ke fara nuna halinta. Wadda aka fi yin tafiyar da ita, wato Volkswagen Kombi, injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. In ta kafe a rairayi, direba ya yi ta ba ta wuta, sai injin ya ɗau zafi, ƙura kuma ta toshe masa numfashi. Gargadar hanya takan karya ƙafa, ta kwance kusoshi, ta huda tanki. Dole a rage iskar taya, a haƙa, a shimfiɗa faifan ƙarfe, a tura. A sake kafewa bayan 'yan taku. Ko masu gata ba su tsira ba. A watan Janairu na 1982, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila, ya ɓace kwana shida a hamada cikin gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar, bayan motarsa Peugeot 504 ta lalace, sai da jirgin saman sojan Aljeriya ya hango shi.

Wanda ya iso Nijeriya ya ɗan sami sa'ida, domin a 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Volkswagen a Ikko da ta Peugeot a Kaduna, saboda haka makanikan ƙasar nan sun san cikin waɗannan motoci ciki da bai. Daga Kano da yawa sukan nufi Jos don sanyinta da gidan kayan tarihinta, wanda aka buɗe a 1952. A can baƙo zai ga kawunan yumɓu na Nok, masu shekara fiye da 2,000. In kuwa ya ce gani ya kori ji, sai ya ga ƙasar da aka tono su, to babu makawa ya gangaro kudancin Jihar Kaduna.

Ƙasar kuwa ta isa a yi mata tattaki. Ƙauyen Nok yana ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, kuma a nan masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan da aka samu a yankin Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Shi ne ya lura kamanninsu ɗaya da na Nok. Dab da Kafanchan ga ruwan Matsirga, mai zubowa daga tsawon kusan mita 30. Ga kuma duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan ran 1 ga Janairu kowace shekara, daidai lokacin da ake iya ƙetare hamada.

To, amma saukowa daga tudun Jos ba wasa ba ne. Hawan Kibo ya daɗe yana cin motoci. Motar da ta sha wuyar rairayi, ga nauyin gado da jarkoki, in direbanta ya dogara da birki kaɗai bai sa ƙaramar giya ba, birkin zai yi zafi ya saki. In wani ƙarfe ya karye a Gidan Waya ko Kwoi, sai a aika Jos ko Kaduna, a zauna jira. Ga ƙarancin fetur da aka sha fama da shi tun tsakiyar shekarun 1970. Kuma baƙo ba ya iya yada motar ya tafi, domin ya shigo da ita ne bisa takardar lamuni ta kwastan, in bai fita da ita ba kuɗin da ya ajiye a gida sun salwanta.

Abin da ke rufa wa matafiyi asiri a wancan zamani shi ne jirgin ƙasa. Kafanchan mahaɗa ce: layin Fatakwal zuwa Kaduna ya ratsa ta, kuma a 1927 aka ja reshe daga nan zuwa Jos, wanda daga baya aka miƙa daga Kuru har Maiduguri a 1964. Albarkacin reluwe garin ya cika, har fadar Sarkin Jama'a ta komo nan a 1933. Wanda motarsa ta mutu yana iya barinta hannun mai masauki, ya hau jirgi ya nemo kayan gyara.

Abin da babu makanikin da ya iya gyarawa shi ne rufe iyaka. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Wanda ya sha rairayi har Damagaram ya iske ƙofa a garƙame. Bayan haka tawayen Abzinawa ya tashi a Nijar a 1990, yaƙin cikin gida ya ɓarke a Aljeriya, sa'an nan a 2003 aka sace Turawa 'yan yawo 32 a kudancin Aljeriya. Hanyar ta mutu murus. Jiragen fasinja kuma suka yi ta raguwa a Kafanchan, rikice-rikice da satar mutane suka sa ko ɗan ƙasa yana tunani kafin ya kama hanya da dare.

A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin dogo na Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya bi ta Kafanchan. Ya kamata hukuma ta ɗauke shi da muhimmanci, ta haɗa da gyaran hanyoyin mota da tsaronsu. Ba sai Bature ya ƙetaro hamada ba; akwai iyalai a Kano da Sakkwato da Maraɗi da ba su taɓa ganin Matsirga ba, kuma za su zo in sun tabbata za su koma gida lafiya. Mai masauki, da makaniki, da mai sayar da citta a Kwoi, duk suna da rabo a zuwansu.