Kafin ka tambayi kuɗin sifirin

A fadamun Kuchi da ke ƙaramar hukumar Kebbe, da wuraren niƙa na Tambuwal da Dogon Daji, sau da yawa abin da ke tsayar da inji bai kai tsawon ɗan yatsa ba: sifirin ne. In injin tsohon yayi ne, sai a zaga Sakkwato, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a rasa. Daga nan sai a koma neman wanda zai naɗa sabo, ko cikin masu ƙere-ƙere irin na Panteka a Kaduna, ko wani kamfani a kudu.

A nan mutanenmu ke sakaci. Sai a ɗauki hoto a tura ta WhatsApp, a ce, "Maigida, irin wannan nake so, nawa ne?" Hoto kuwa ba ya nuna kauri. Mai ƙerawa sai ya yi kirdado, asarar kuma taka ce.

Kaurin wayar da aka naɗa sifirin da ita shi ne kan gaba. In ta milimita 2 ake bukata aka sa ta 2.2, taurin sifirin zai ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari, alhali ido bai ga bambanci ba. Don haka awon tela ba ya yi. Je wurin masu gyaran ƙarfe su auna maka da ma'auninsu. Rubuta faɗin zagayen, da tsawonsa ba a danne ba, da yawan naɗin, da ko na dannawa ne ko na ja mai ƙugiya. Tsohon da ka ciro ya riga ya saki, tsawonsa na iya yaudarar ka, saboda haka auna mazauninsa a jikin injin ma.

Faɗi inda zai yi aiki. Na cikin famfon ban ruwa kullum a jiƙe yake, sai ƙarfen da ba ya tsatsa.

Guda biyu tsada za su yi, domin wahalar saita injin naɗi ɗaya ce, ko guda biyu za a naɗa ko ɗari biyu. Gara masu inji iri ɗaya su haɗa kai su yi oda tare, tun kafin noman rani ya kankama. A nemi farashin a rubuce, da kuɗin mota zuwa tashar Tambuwal, da ranar kawowa, da kwanakin da farashin zai tsaya bai motsa ba, tunda Naira ba ta zama wuri ɗaya. Kada a biya cikon kuɗi sai an ɗaura samfuri ɗaya a inji an ga aikinsa.