Simintin Kalambaina da iskar da ido ba ya gani

In kai ɗan Sakkwato ne, ba sai an nuna maka hanyar Kalambaina ba. Tun 1967 ake yin siminti a can, da can da sunan CCNN, yanzu kuma BUA Cement. Amma ka san cewa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya?

Ga yadda abin yake. Ana gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 1,450. Da zarar ya gasu, sai iskar kabon da ke ɗaure a cikinsa ta tsere sama. Fiye da rabin iskar daga dutsen kansa take fitowa, ba daga makamashin da aka hura wutar ba. Wato ko da sola aka gasa shi, matsalar tana nan daram.

To, mece ce mafita? A cafke iskar kafin ta bar bututu. A garin Brevik na ƙasar Nowe, kamfanin Heidelberg Materials ya soma haka a 2025. An tsara na'urorinsa su kama tan 400,000 a shekara, kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Ana matse iskar ta koma ruwa, jirgin ruwa ya ɗauka, a tura ta can ƙarƙashin teku, zurfin mita 2,600, a adana. Wasu kuma suna sarrafa irin wannan iska wajen yin takin yuriya da lemon kwalba. E, kumfar nan da kake gani a lemo, ita ce!

Sai dai aikin yana cin kuɗi da makamashi ba kaɗan ba, shi ya sa gwamnatin Nowe ta ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin. Nijeriya kuwa ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060, iskar da take fitarwa ba za ta wuce wadda take shanyewa ba. Ba a cika wannan alƙawari a tsallake siminti.

Don haka ɗalibin kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ke mai neman batun furojet, ga fage nan a bakin ƙofa. Mu da muke shan zafin Afrilu sama da digiri 40, mu ya fi kamata mu fara tambaya: iskar Kalambaina, ina za a kai ta?